Ciwon Babban Yatsa Ba Sammu Ba Ne

Jawabin da aka yi wa 'yan asalin Kagarko mazauna Agege, Ikko



Saurayi ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare ya farka babban yatsansa na ƙafa ya kumbura, ya yi zafi rau, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Da gari ya waye sai a ce ai sammu ya taka a kasuwa. A gida Kagarko kuwa cewa za a yi sanyi ne, a daka masa citta. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya lafa don kansa, a yaba wa mai magani. Wata rana ya komo.

Wannan cuta likitoci na kiranta gawut. Tun a 1848 wani likita a Landan, Alfred Garrod, ya nuna cewa wani sinadari mai suna yurik asid ne ke yawaita cikin jinin masu ita. Idan ƙoda ta kāsa fid da shi, sai ya daskare cikin gaɓa kamar tsinin allura.

Da ana cewa cutar dattawa ce masu hali. Yau tana kama samari 'yan ashirin da talatin, kuma maza sun fi mata. Ga yaro, gado shi ne kan gaba, sai ƙiba, da ciwon ƙoda, da amosanin jini. Sa'an nan ga cimarmu ta nan Kurmi. Mahauci da mai tsire, abin da ya kwana na hanta da ƙoda da tumbi shi ne kalacinsu, a kora da lemon kwalba mai sukari. Giya da burkutu kuwa, wanda ya san yana sha ya ji da kyau.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin kashe ciwo na kemis. Su kan kwantar da zogi, amma yawan shansu na lalata ƙodar da dama ta gaji. Wanda cutar ta kama da ƙuruciya zai daɗe tare da ita, har ƙulli ya fito a gwiwar hannu ko kunne, tsakuwa ta taru a ƙoda, sana'ar tsayuwa ta gagara.

Saboda haka duk wanda yatsa ya taɓa tasa cikin dare, ya je asibiti a auna jininsa da ƙodarsa. Idan likita ya rubuta masa allopurinol, kullum ake sha, ba a dainawa don zogi ya tafi. Ya kuma tambayi mutan gida ko akwai mai irinta a dangi, ya gaya wa likita.