Piya-piya Ba Maganin Garka Ba Ne

Masu saurare, na cikin birnin Maradi, na Tibirin Gobir, da manoman Jiratawa. Barkanmu da shiga bazara. Uwargida, ɗan aje ludayin nan, yau maganar taki ce.

Tun farkon Maris kiran da muke samu kusan iri ɗaya ne. Tsutsa ta faɗa wa zogalen bayan ɗaki, ta naɗe ganye da saƙa, kuma wai an ce a fesa piya-piya da marece, rana ta gobe za ta ƙone dafin, a tsinka a dafa. Wani ma daga Tibiri cewa ya yi zafin Afrilu ya fi ƙarfin kowane magani. To, ku saurara da kyau: rana ba ta mayar da guba abinci. Zan sake faɗa don wanda ke tsallaka titi a kan kabu-kabu: kada a fesa piya-piya a ganyen da za a ci.

Abin da ke cikin kwalbar piya-piya sunansa dichlorvos, wasu kwalaben an rubuta DDVP. Jijiya yake kamawa, ta ƙwaro da ta mutum duka. Ko a Najeriya, inda yawancinsa ke fitowa, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa tun 2019. Mu nan sai ga shi a faranti ana talla kusa da magi, a kwalbar da ba takarda, ba wanda ya san abin da aka gauraya.

Zafin da kuke dogara da shi kuwa, shi ke ƙara haɗarin. Awo ya haura 40, jiki na zufa, fata na shan maganin, tururinsa na tashi cikin tsakar gida inda yara ke shimfiɗa tabarma su kwana. Manomin Jiratawa, mai shayar da fili da ruwan fanfo, aƙalla gonarsa na nesa da ɗakin barcinsa. Ke garkarki taku uku ce daga randa.

Wata baiwar Allah ta kira mu, ta ce ai ita tana tafasa zogale sau biyu ta zubar da ruwan, sannan ta yi kwaɗo. Hajiya, Allah ya ba ki ladan wahala, amma tafasawa ba ta ba ki tabbacin komai. Wanke ganye da gishiri ko da omo ma haka. Kuma zogale ba kamar gero ba ne da za a jira kaka, kullum hannu na kansa. Yaro zai wuce ya tsinki tumatir ya jefa baki kafin ki juyo. Iyayen gida maza, ku ma da ku nake. Kai ka sayo kwalbar, kai ka fesa da tsintsiya ba riga, ka fita kasuwa ba ka gaya wa kowa ba. Haba malam!

In har wani ya shaƙa ko ya ci, ku lura: yawu na dalala, zufa, amai, zawo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi na sarƙewa. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai da ƙarfi. A tuɓe masa kayan, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a garzaya likita mafi kusa, a tafi da kwalbar don ma'aikata su gani.

To me za a yi da tsutsar? Lokaci na tafiya, bari in gaggauta. Zogalen da ya ci tura a sare shi daidai gwiwa, a kwashe ganyen a binne, zai tofo sabo. A daka 'ya'yan bedi busassu, rabin kilo a ruwa lita 10, su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece, a maimaita bayan mako. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a rufe gindin shuka da kara ko ɓawon gyaɗa, a yi mata rumfa da tsohuwar tabarma. Salati da kabeji lokacinsu ya wuce, yanzu kuɓewa, rama da alayyafo ke jure zafi. Ruwan kwata kuma a bar shi a kwata.

Wanda lallai sai ya sayi magani, ya je wurin malaman gona, ko ya tambayi ma'aikatan INRAN da ke Tarna, a nuna masa wanda aka yarda da shi a kayan miya, ya kuma cika kwanakin jira da aka rubuta kafin ya tsinka. Piya-piya dai ba ta cikin lissafin, ko da marece aka fesa, ko rana ta kai ina.

Ga wani kira nan ya shigo. Salamu alaikum, wa ke magana, daga ina?