Rumbu da Awo: Tanadin Abinci a Gidan Bahaushe



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani fanni na zaman gida wanda ba kasafai akan kawo shi zauren jami'a ba, watau yadda magidanci da iyalinsa ke sarrafa abin da za a ci daga kaka zuwa wata kakar. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, akan ji shugabanni da masu wa'azi suna yi wa talaka nasiha da ya yi tsimi, ya rage ɓarna, ya ƙara haƙuri. Nasihar ba ta da laifi, sai dai akwai abin da ta tsallake. Tsimi yana da kayan aiki kamar kowace sana'a, kayan aikin nan kuwa su ne wurin ajiya da ɗan abin hannu a lokacin da kaya ke araha. Wanda ya rasa waɗannan biyu, kome iya lissafinsa, shi ne zai fi kowa sayen abinci da tsada.

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe wasu kalmomi da akan cuɗanya. Tsimi shi ne amfani da abu kaɗan-kaɗan domin ya daɗe. Tanadi shi ne shirya abu tun bukatarsa ba ta zo ba, abin da Hausawa ke nufi da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tattali kuwa kula ne da abin da aka mallaka kada ya lalace. Duk ukun nan abin yabo ne. Rowa ce abin zargi, domin ita hana mai haƙƙi ne alhali akwai, shi ya sa marowaci bai taɓa fita da mutunci ba a tatsuniya ko a bakin maroƙa.

Rayuwar manomi a ƙasar Hausa ta rataya ne a kan damina guda, wadda ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma abin da aka samu a cikinta shi za a ci har wata goma sha biyu. Gero ne ke fara nuna, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, dalilin da ya sa tumu ke da farin jini ke nan, don shi ne albishirin an fita ƙunci. Dawa da maiwa kuwa sai sanyi ya fara shigowa. Idan an girbe, sai a ɗaure dammuna, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi, sa'an nan a kai sauran rumbu. Hatsin da za a daɗe ana ajiyarsa ba a sussuke shi, a zangarniyarsa ake jera shi, domin ƙwaro ya fi saurin cin tsabar da aka sussuke. Masu sauraro za su tuna cewa irin wannan shawara ce Annabi Yusufu, alaihis salamu, ya bayar a Masar game da shekaru bakwai na yalwa. Shi kansa ginin rumbun ilmi ne: a ɗora shi bisa duwatsu don kada danshi da gara su tadda shi, a yi masa ƙaramin baki daga sama, a kifa masa jinka. A rumbun da aka gina da kyau gero yakan yi shekara biyu ko uku bai lalace ba.

Amma abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne dokar buɗe shi. A wurare da dama, musamman arewacin Katsina da ƙasar Maraɗi, maigida yakan rufe rumbun gandu bayan kaka, ba ya sake buɗewa sai ruwa ya sauka. A tsakanin nan samari su tafi cin rani, watau su rage bakin ci a gida, su kuma samo ɗan kuɗi, waɗanda suka rage kuma su lallaɓa da amfanin gayauna da sana'ar hannu. Wanda bai san dalili ba sai ya ce mugunta ce a rufe abinci yara na kallo. Dalilin kuwa shi ne, lokacin da jiki ya fi bukatar abinci, watau lokacin huɗa da noma da maimai, shi ne daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa. Wanda ya cinye rumbunsa da rani, idan marka ta zo sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo awon yini. Tasa gonar ciyawa ta cinye ta, ya girbi abin da bai kai na bara ba, baɗi kuma rumbun ya ƙare tun da wuri. Haka talauci ke bin gida shekara da shekaru.

Idan rumbu na maigida ne, to, madafa ta uwargida ce, kuma a nan ne tattali ya kai matuƙa. A ɗauki kwanon gero guda a bi shi. In an surfa, dusar ta tafi ga akuya, wadda ita kanta asusu ce mai ƙafa huɗu. In an wanke, ƙasarin ma dabba ce ke sha. In an daka an tankaɗe, garin ya zama tuwo ko fura, tsakin ya zama dambu ko fate. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe, wanda ya kama gindin tukunya kuma a kankare a shanya, ya zama ƙanzo, a jiƙa shi ran da babu, a ci da ƙuli-ƙuli da ɗan mai. Kayan miya ma haka. Lokacin da kuɓewa ta yi yawa har ana rasa mai saye, sai a yanka a shanya. Ganyen kuka da karkashi da yakuwa duk a busar. Tumatir ya koma kauɗa, kalwa ta koma daddawa, gyaɗa ta ba da mai da tunkuza. Wake kuwa, da yake ƙwaro ba ya raga masa, a cuɗa shi da toka ko yashi ko barkono kafin a rufe. Macen da ta iya wannan aiki takan yi miyar bazara da farashin kaka. Abin takaici, ilmin nan a bakin tsofaffi yake, daga uwa zuwa 'ya, ba a cika rubuta shi ba.

To, kada a ɗauka cewa kowane gida na karkara ya samu damar yin wannan tsari. Polly Hill, Baturiyar nan masaniyar tattalin arzikin karkara, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, littafinta kuma ya fito a 1972. Cikin abubuwan da ta nuna akwai cewa manoman ƙauye ɗaya ba daidai suke ba. Mai hali yakan riƙe hatsinsa, har ma ya sayi na wasu da kaka, ya sayar lokacin da ya yi tsada. Maras hali kuwa tilas ya kai nasa kasuwa da zarar an girbe, sa'ad da kowa ke sayarwa, saboda bashi da hidimar aure da haraji, daga baya ya dawo yana sayen irin hatsin nan da tsada. Haraji dai gwamnatocin jam'iyyar PRP sun soke shi a jihohin Kano da Kaduna a 1979, amma bashi da biki suna nan. A shekarar da ruwa ya yi gardama, kamar yunwar Kakalaba ta 1914 ko farin 1972 zuwa 1974, irin waɗannan gidaje ne ke fara sayar da dabba, sa'an nan gona. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Daga nan sai a shigo birni, inda mafi yawan masu sauraro ke zaune. Ma'aikaci da ɗan ƙwadago da mai ƙaramar sana'a ba su da rumbu, awo suke yi. Shekarun arzikin man fetur sun sa an manta da haɗarin wannan hali. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ma'aikata ƙarin albashi har da na watannin baya a 1975, kuɗi suka cika gari, a shekarar nan kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Shinkafar waje da burodi da madarar gwangwani suka shige gidajen da a da ba su san komai ba sai tuwon dawa, har ajiye hatsi ya zama alamar ƙauyanci. Gwamnati ta yi ta kiran a koma gona, da shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shugaba Shagari a 1980, amma sai da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, mutane suka yi ta layin sayen shinkafa da sabulu da madara a 1984, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kafin aka tuna da kuka da daddawa. Tarihin nan ya maimaita kansa bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin shekarar bai kai kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ba a kasuwanni da yawa a ƙarshenta.

A nan ne ya kamata a dubi yadda awo ke cin mai shi. Buhu yakan fito daga babbar kasuwa irin ta Dawanau a Kano, ɗan kasuwa ya rarraba shi kwano-kwano, mai shagon unguwa ya mai da shi gwangwani-gwangwani, mai talla ya ƙulla a leda. Kowane hannu da ya bi sai ya ɗora ribarsa, haƙƙinsa ne kuwa. Haka mai ke sauka daga jarka zuwa kwalba zuwa cokali. Saboda haka wanda ke sayen ƙulli kullum yana biyan ribar mutum uku ko huɗu, yana kuma saye a watan tsada kamar yadda yake saye a watan araha, in bashi ya karɓa a shago kuwa ba shi da bakin yin ciniki. Maƙwabcinsa mai hali da ya sayi buhu da kaka ya tsallake duk waɗannan. A ƙarshen shekara sai a tarar maras hali ya biya fiye da mai hali a kan abinci iri ɗaya, sa'an nan kuma shi ake yi wa wa'azin tsimi.

Wani zai ce, ai sayen buhuna da kaka shi ne ɓoye abinci da ake kuka da shi. Ba ɗaya ba ne. Malaman fiƙihu sun bambanta mai ajiye abincin shekara don iyalinsa, wanda ya halatta, da mai tara abinci lokacin ƙunci yana jiran jama'a su galabaita. Kan zargin irin na biyun ne hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024. Haka nan ajiya don riba caca ce, domin farashin hatsi ya sauko ƙwarai a 2025, waɗanda suka tara da tsada suka tafka hasara. Mai ajiye abin da zai ci kuwa, ko farashi ya faɗi, tuwonsa na nan.

Saura tambaya: ta yaya wanda ba shi da jari zai kama kaka? Hanyar da ta fi kusa tana hannun mata tun da daɗewa, watau adashi. Abin da ake bukata kawai shi ne a daidaita kwasa da kalandar gona, ta faɗo tsakanin Nuwamba da Janairu, ta tafi ga hatsi da wake maimakon anko. Gida huɗu ko biyar kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu guda su raba, kamar yadda ake watanda da sa. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata ma, maimakon su jira azumi lokacin da kowa ke rububin saye, da sun yi sayayyarsu da kaka da sun fi amfanar membobinsu. Ga wani ƙarin alheri: gero da dawa da wake su ne likitoci ke mai da masu ƙiba da masu ciwon sukari gare su, su rage farar shinkafa da fulawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero da danginsa.

Sai batun ƙwaro, wanda ke hana mutane da yawa ajiye wake. Zuba maganin ƙwari a cikin abinci haɗari ne babba. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, wanda aka hana shi ƙetarawa kuwa a tukunyar gida ya ƙare. Akwai mafita da ba ta bukatar guba. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu a Marwa, arewacin Kamaru, sun gano cewa idan aka toshe wa wake iska, ƙwaron da ke ciki zai shaƙe ɗan abin da ya rage, ya daina ci, ya mutu. Daga nan aka samo buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fara yaɗa shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007. Sharaɗinsa shi ne wake ya bushe sarai, a tabbata ledar ba ta huje ba, a matse iska a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora buhun bisa katako nesa da ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa. Jarka mai tsabta ko duro mai murfi, in an cika shi fal an toshe, aikin ɗaya ne.

Matsalar da wannan buhu bai warware ba ita ce ta wuri. Manomi mafi talauci yana da inda zai kafa rumbu a tsakar gidansa, amma gidajen haya da ake ginawa a Kano da Kaduna da Zariya, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, da wuya a ga wanda aka fitar wa ɗakin ajiya, ko da mai faɗin tabarma ne. Mai iyali shida a irin wannan ɗaki, ko an ba shi buhu uku kyauta, sai ya zaɓi tsakanin su da shimfiɗar yara. Wannan aiki ne da ya shafi sashen koyar da zanen gine-gine da hukumomin tsara birane, waɗanda ke sa hannu a kan taswirar irin waɗannan gidaje.