Kuɗin horon ma'aikatan shari'a, da abin da ya rage gare mu

Iyayenmu dattawa, ƴan'uwa da suka zo daga Arlit, da na Yamai, da waɗanda suka sauko daga wajen zinariya, muna gaishe ku da gajiyar hanya. Shugaban ƙungiya ya ce mu yi magana bisa dukan mata a cikin gidaje, da kuɗin da aka kashe don a horar da masu shari'a a kansa. Magana ce mai nauyi a gaban iyaye, sai ku gafarce mu.

A shekarar 2017 Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka buɗe wani shiri mai suna Spotlight, na yaƙi da cutar da mata, da kuɗi Yuro miliyan 500 don duniya baki ɗaya. Nijar ta shiga a 2019. An horar da alƙalai da ƴan sanda da jandarmomi yadda za su karɓi mace da ta zo da kuka. Amma jihohi 4 aka zaɓa: Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Agadas ba ta ciki. Shirin kuma ya ƙare a 2023.

Mene ne aka koya musu? A saurari matar a ɗaki ita kaɗai, ba a gaban mijin da danginsa ba. A aika ta wajen likita tun tabon bai ɓace ba, don takardar likita ita ce shaida. Kada a tambaye ta, “Ke me kika yi masa?” Ga ido abubuwa ne ƙanana, amma su ke sa mace ta faɗi abin da ya same ta, ko ta ja mayafi ta koma gida.

Doka kuwa ba sabuwa ba ce. Dokar hukunci ta 1961, wadda aka gyara a 2003, ta tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, ko tarar jika 10 zuwa jika 100, ko duka biyun, ga wanda ya doki wani da gangan. Ba ta ware miji ba. Tun 2011 kuma akwai dokar da ta kafa hukumar ANAJJ, mai taimakon wanda ba shi da halin ɗaukar lauya.

To, ga inda muke son a tsaya. Mu malaman lakwal mun san yadda ma'aikacin gwamnati yake: yau yana nan, gobe takarda ta zo, an kai shi Dosso. Haka zuzu yake. Idan shi kaɗai aka horar, ranar da ya ɗaure kayansa ilimin ya bi shi cikin mota. Su wa ke zama? Tafinta, wanda ke juya maganar matar daga Tamashek ko Hausa zuwa Faransanci; in ya sassauta kalma ɗaya, “ya shaƙe ni” ta koma “mun yi faɗa”. Sai dattawan nan masana al'ada da ke zama kusa da zuzu idan maganar aure ce ko saki, tun da ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali, al'adar ma'auratan ake bi. Waɗannan ƴan gari ne, nan za su tsufa. A ganinmu, in wani tallafi ya sake zuwa, da su ya kamata a fara.

Sa'an nan mace nawa ke kaiwa kotun? Daga garinmu sai ta sami kuɗin mota, ta sami mai riƙe mata yara, ta kuma jure a ce ta tona asirin gida. Kafin wannan duka, gare ku take zuwa, iyayenmu: wajen kawu, wajen liman, wajen mai gari, in abin ya yi girma fadar Sarkin Abzin. Doka ta ba sarakuna ikon sasanta rigimar aure, kuma sulhu alheri ne. Amma karyayyen hannu ba maganar sulhu ba ce, laifi ne, kuma ba hurumin mai gari ba. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna mata kusan 6 cikin 10 a Nijar suna ganin miji yana da hujjar duka a wani hali. Wa ya koya musu haka? A gidajenmu suka ji “yi haƙuri” tun suna ƙanana. Mu kuma a aji muke ganin sauran: yaron da ya kwana yana jin kukan uwarsa ba ya riƙe karatu da safe.

Ku da ke ci-rani, kun bar ƙannenku da ɗiyanku mata a hannun mutane. In kun buga waya, kada ku tsaya ga tambayar hatsi da bisashe.

Abin da muke roƙo a wannan zama shi ne a ware wani abu cikin asusun ƙungiya don kuɗin mota da na takardar likita, a kuma zaɓi dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya da za su riƙa raka mace har Agadas in ta nemi haka. Ma'aji yana nan da littafinsa. Bayan sallar la'asar sai a faɗi sunaye.