Ganuwar Kano da Layin Jiran UNESCO

 

An nemi in yi magana a kan yadda duniya take amincewa da wuraren tarihi na ƙasashe, da yadda take kare su. Asalin abin daga Masar ne. A shekarar 1960, da aka fara gina madatsar ruwa ta Aswan, sai aka ga ruwa zai haɗiye gine-ginen Fir'aunoni na Abu Simbel. Hukumar UNESCO ta yi yekuwa, ƙasashe suka haɗa kuɗi, aka yayyanka duwatsun aka sake harhaɗa su a kan tudu. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka haifar da yarjejeniyar 1972 ta kare kayan gado na duniya, wadda Najeriya da Nijar suka shiga a 1974. Najeriya ta shigar da Sukur ta jihar Adamawa cikin jerin kayan gado na duniya a 1999, sai kurmin Osun da ke Osogbo a 2005. Nijar tana da yankin Ayar da Tenere, da gandun dajin W, da tsohon birnin Agadas.

Akwai abin da mutanenmu suke yawan kuskuren fahimta. Suna zaton da zarar an saka wuri a jerin, Turawa za su zo da kuɗi su gyara. Ba haka tsarin yake ba. Ƙasa ce take fara rubuta wurin a jerinta na jira, ta shata iyakarsa, ta nuna dokar da ke kare shi da tsarin kula da shi. Sannan a turo masana su duba da idonsu, kwamitin ƙasashe 21 ya yanke hukunci. UNESCO ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Iyakarta ta ce wuri yana cikin haɗari, ko ta cire shi, kamar yadda ta yi wa Dresden ta Jamus a 2009 saboda gina gada, da Liverpool ta Ingila a 2021 saboda sababbin gine-gine. Wato sai an ga kana riƙe da kayanka kafin a ba ka shaida.

To, mu dawo gida. Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin jira na Najeriya. Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Duk wanda ya zagaya badala a yau ya san halin da take ciki. Nan an yanka fuloti, can an jera shaguna, wani wurin an kwashe ƙasarta an buga tubali, wani wurin kuma ta zama juji. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Ƙofofin da aka sake ginawa da siminti suna da kyan gani, amma masanin da zai zo dubawa aikin hannun kakanninmu yake nema. Idan ya zo gobe, me za mu nuna masa? Wannan tambaya tana damuna ƙwarai, domin ruwan sama bai ci rabin abin da muka ci da hannunmu ba.

Ku dubi Agadas, wadda ta shiga jerin a 2013. Hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce zalla, kuma tana tsaye ne saboda ba a daina yi mata yaɓe ba. A Timbuktu ma, bayan 'yan bindiga sun rusa tsofaffin gine-gine a 2012, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 a 2016, amma maginan garin ne suka sake tayar da ginin da irin fasahar da suka gada. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai magini. Mu kuwa, yara nawa ne a yau suke koyon cuɗa makuba, ko ɗora azara, ko ɗaure bakan gizo? Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani tun wajen shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Rashin kula da tsohon gini har rai yake ci.

Don haka kirana ga gwamnati da masarauta da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa shi ne a fara daga abin da ke hannunmu. A auna ragowar badala taƙi-taƙi, a kafa mata alama, a daina ba da takardar fili a jikinta ko ga wane ne. A ɗauki magina aiki da albashi, a ba Sarkin Magina yara ya koyar da su, a ware kuɗin yaɓe duk shekara kafin damina. Ku kuma ɗalibai, ku fita da takarda da wayoyinku ku rubuta abin da ya rage a unguwanninku, ku tambayi dattawa tun suna raye. Masu unguwanni, don Allah idan kun ga ana haƙar jikin ganuwa, ku kai ƙara a ranar.