Tara Ba Ta Gyara Birki: Ikon Tsayar da Mota da Tilasta Gyaranta a Najeriya



Direban da ya taso daga Kano zuwa Abuja zai iya cin karo da kaki iri biyar masu ikon ɗaga masa hannu: ɗan sanda, jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, jami'in duba lafiyar mota na VIO, ga hukumomin zirga-zirga na jiha, KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna. A cikinsu wane ne aikinsa ya bi motar har sai an gyara ta? A aikace, babu.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce a 2023 mutum 5,081 suka rasu a haɗurra 10,617. A 2024 haɗurran sun sauko zuwa 9,570, mamatan kuma suka hau zuwa 5,421. Gudun wuce sa'a ne kan gaba a dalilai, ban musa ba, amma fashewar taya da tsinkewar birki ba sa fita daga jerin. Taya ce ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016, Minista James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu. Birkin tankar mai ne ya tsinke a gadar Otedola ta Legas ranar 28 ga Yuni 2018, motoci sama da 50 suka ƙone. Bayan rasuwar minista an yi ta gangamin duba taya, ana koya wa direbobi karanta lambobi huɗun nan na gefenta, mako da shekarar da aka ƙera ta, ana cewa wa'adinta shekara huɗu. Ƙura na lafawa aka koma gidan jiya. Tsohuwar taya na cikin kayan da aka haramta shigowa da su, amma ga ta nan jibge a gaban mai faci.

To me doka ta tanada? A jadawalin tarar hukumar, taya mai sanƙo naira 3,000 ce, mota mara lafiya naira 5,000. Kuɗin ko rabin tankin mai bai kai ba. Direba zai biya a banki, ya kawo rasit, ya karɓi takardunsa, ya ɗebi fasinja a kan tayar da aka kama shi dominta. Takardar lafiyar mota kuwa, kowa ya san yadda ake samunta: a miƙa wa wani kuɗi a bakin ofishin lasisi, a dawo da yamma a karɓa, motar tana gida ko bonet ba a ɗaga ba.

A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta ce VIO na birnin ba su da hurumin tsayar da mota, ko ƙwace ta, ko cin tara. Direbobi sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai hukuncin ya tona asirin masu yi mana doka: shekara da shekaru ana aiki da ikon da ba a rubuta shi yadda ya kamata ba.

A Ingila, idan ɗan sanda ya ga ƙaramar matsala, kamar fitilar da ta mutu, yakan ba direba takardar gyara mai wa'adin kwana 14. Ya gyara, garejin da hukuma ta amince da shi ya buga hatimi, ya mayar da takardar, magana ta ƙare. Idan matsalar mai kisa ce, nan take ake hana motar motsi.

Abin da nake nema ke nan a rubuta a dokarmu: takardar gyara mai lamba, wadda za a shigar a kwamfuta da lambar motar, kada a sabunta lasisin motar sai an rufe ta. Tirela ko bas ɗin haya da birkinta ya lalace kuwa, a sauke fasinja, a kira bakanike. Za a ce wata ƙofar na goro ce aka buɗe. Ƙofar ai a buɗe take tun tuni. Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su fayyace wace hukuma ɗaya ce ke da wannan iko a kan wace hanya, sauran su tsaya a kan nasu aikin.