Zanga-zanga Tsakanin Haƙƙi da Fitina: Darussa daga Gana, Maƙwabta da Tailan

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na matasa da shugabannin al'umma a Kaladan, Tamale

 

Gabatarwa

Duk sa'ad da tsadar rayuwa ta kai wa jama'a iya wuya, muhawara ɗaya ce ke tashi a majalisun unguwanninmu: a fita titi ko kada a fita? Dattawa su ce zanga-zanga ƙofar fitina ce, wanda ya buɗe ta bai san wanda zai shigo ba. Matasa su ce sun yi haƙurin har ya ƙare, kuma wanda ya yi shiru cewa ake yi ya yarda. Kowane ɓangare da hujjarsa. Matsayin wannan takarda shi ne zanga-zangar lumana haƙƙi ce da ta yi wa ƙasar nan amfani mai yawa, kuma abubuwa biyu ne ke mayar da ita makoki: bindigar hukuma a gaban mutanen da ba su riƙe da makami, da kuma 'yan siyasa masu ɗaukar matasa haya. Za mu bi tarihin Gana, mu tsaya a Tamale, mu leƙa Nijar da Nijeriya, sannan mu je ƙasar Tailan inda abin ya yi ƙamari.

Daga kwarin Kaladan zuwa mararrabar Christiansborg

Unguwar da muke zaune cikinta yau tana da hannu a wannan tarihi. Kaladan kogi ne a ƙasar Bama, kuma a kwarinsa ne sojojin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944. Cikinsu akwai 'yan Gold Coast, da yawansu 'yan Arewa, kuma da Hausa ake magana a bariki. Don tunawa da wannan fage aka sa wa barikin Tamale suna Kaladan.

Da aka gama yaƙi suka dawo gida, sai suka tarar babu aiki, kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, kaya kuma sun yi tsada. A watan Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne na Uku ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa. Ranar 28 ga Fabrairu tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Akra, ba makami a hannunsu, don miƙa takardar koke ga Gwamna Gerald Creasy. A mararrabar Christiansborg 'yan sanda suka tare su. Baturen ɗan sanda Colin Imray ya karɓi bindiga ya harba da kansa. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka rasa rayukansu. Tarzomar da ta biyo baya ta bazu har Kumasi da wasu garuruwa, ta ci rai 29, fiye da mutum 200 suka jikkata.

Mu lura da jerin abin da ya faru. Mutanen nan takarda suka riƙo. Harbi ne ya haifi ƙone-ƙone da wawaso. Amma saboda kokensu a fili yake, kuma akwai shugabannin da suka ɗauke shi suka kai gaba, jinin bai tafi a banza ba. An kama Kwame Nkrumah da J. B. Danquah da abokansu huɗu, aka kafa kwamitin Watson, sannan na Coussey a 1949, aka yi zaɓe a 1951, aka sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957.

Abin da doka ta ce, da abin da ya faru a aikace

Tsarin mulkin 1992, a sashe na 21, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taro da jerin gwano da zanga-zanga. A 1993 Kotun Ƙoli, a shari'ar jam'iyyar NPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, ta soke sharaɗin neman izini. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994, mai lamba 491, cewa ta yi a sanar da 'yan sanda kwana biyar kafin fita. Sanarwa ake yi, ba roƙo ba. In 'yan sanda na da damuwa kan rana ko hanya, su nemi a sauya, in an ƙi su tafi kotu. Matasanmu da yawa ba su san wannan ba, wasu jami'ai kuma sun fi son kada a sani.

Ranar 11 ga Mayu 1995 aka yi zanga-zangar Kume Preko a Akra don ƙin harajin VAT na kashi 17.5 cikin ɗari da gwamnatin Rawlings ta kawo. Cikin jagororinta akwai Nana Akufo-Addo da Kwesi Pratt da Charles Wereko-Brobby. An kai wa masu tattakin hari, an rasa rayuka, amma buƙatar guda ɗaya ce tak, kowa ya fahimce ta, tun daga ɗan kasuwar Makola har mai tura kura. Cikin 'yan makonni gwamnati ta janye harajin. Da aka dawo da shi a 1998, a kashi 10 aka fara.

A 2021 matasa suka taso da gangamin #FixTheCountry a kafafen sada zumunta. A Ejura, garin da ke cike da 'yan'uwanmu 'yan Arewa da mutanen zango, aka kai wa Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, hari, ya rasu ranar 28 ga Yuni. Washegari matasa suka fito cikin fushi, aka turo sojoji, suka buɗe wuta, matasa biyu suka mutu. Kwamitin Mai shari'a George Kingsley Koomson ya ba da shawarar a biya iyalansu diyya. Shekara 73 tsakanin Christiansborg da Ejura, amma kuskuren hukuma bai sake ba. A Satumban 2023 an kama gomman masu zanga-zangar da suka nufi fadar shugaban ƙasa, a Satumban 2024 kuma aka kama masu ƙin galamsi, wato haƙar zinaren da ke gurɓata koguna. Waɗannan kame-kamen biyu sun zo ne bayan hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamban 2022.

Tamale: namu ciwon

Mutumin Tamale ba ya buƙatar a faɗa masa dalilan fushi. Tun zamanin Turawa aka mayar da Arewa rumbun 'yan ƙwadago na ma'adinai da gonakin koko a Kudu, makarantu suka makara zuwa. Yau famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba a unguwanni da dama. Masu digiri suna tuƙa yalo-yalo, wato keke mai ƙafa uku. 'Yan matanmu suna kayayo, wato dako, a kasuwannin Akra da Kumasi. Waɗannan duka koke ne na gaskiya, kowannensu ya isa a fita dominsa.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa muka cika titi don ruwan sha, sau nawa kuma don jam'iyya? Bayan kisan Sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, a Yendi a watan Maris 2002, garin nan ya daɗe ƙarƙashin dokar ta-ɓaci da hana fitar dare, siyasa kuma ta shiga tsakanin gidan sarautar Abudu da na Andani. A Disamban 2004 Alhaji Issah Mobila, shugaban jam'iyyar CPP na yankin Arewa, ya rasu a hannun sojoji a nan Tamale. A Maris 2011, da kotu ta sallami waɗanda ake tuhuma da kisan Ya-Na, fusatattun matasa suka cinna wa ofisoshin jam'iyya wuta. Ƙungiyoyin 'yan banga irin su Azorka da Kandahar sunansu ya zagaye ƙasa. Sai da aka yi tashin hankali a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 sannan majalisa ta yi doka mai lamba 999 da ta haramta 'yan bangar siyasa.

Saurayin da aka ba kuɗin mai da riga mai hoton ɗan takara ba kokensa ya fito da shi ba. In an kama shi, uwarsa ce ke zarya ofishin 'yan sanda. In an harbe shi, mu ne ke haƙa kabari. Wanda ya aike shi kuwa 'ya'yansa na karatu a wani wuri. Abin da ya kawo ƙarshen rikicin Dagbon shi ne zaman sulhu na shekaru a ƙarƙashin kwamitin manyan sarakuna da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya jagoranta, har aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a Janairun 2019.

Nijar da Nijeriya

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke Yamai. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ƙwadago suka riƙe buƙata ɗaya, har gwamnatin Janar Ali Saibou ta amince da tsarin jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa na 1991. A Kano kuwa, ranar 1 ga Agusta 2024, an fito kan yunwa da tsadar mai ba tare da jagoranci mai ƙarfi a ƙasa ba. Ɓata-gari suka shiga, aka wawashe sabuwar cibiyar fasaha ta hukumar sadarwa, aka sa dokar hana fita. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi daban-daban. A Nuwamba duniya ta ga ƙananan yara suna faɗuwa a kotu a Abuja kafin a ba da umarnin sakinsu. Farashin mai kuwa bai sauko ba a lokacin.

Tailan: inda titi ya maye gurbin akwatin zaɓe

Tailan maƙwabciyar Bama ce, kuma labarinta ya kamata ya tsaya mana a rai. Thaksin Shinawatra ya ci zaɓe a 2001 da ƙuri'un talakawan arewa da arewa maso gabas, waɗanda suka amfana da shirinsa na magani mai rahusa. Masu rawayar riga, galibi 'yan birnin Bankok da masu kare martabar fadar sarki, suka mamaye tituna suna zarginsa da cin hanci. Sojoji suka kifar da shi ranar 19 ga Satumba 2006. A 2008 masu rawayar riga suka rufe filayen jiragen saman Bankok. A 2010 masu jar riga, magoya bayan Thaksin, suka yi zaman dirshan a tsakiyar birnin suna neman sabon zaɓe, sojoji suka tarwatsa su, kimanin mutum 90 suka mutu. Ƙanwar Thaksin, Yingluck, ta ci zaɓe a 2011, aka sake cika titi, kotu ta tsige ta, Janar Prayut Chan-o-cha ya karɓi mulki ranar 22 ga Mayu 2014, bai sauka ba sai 2023. Ɗaliban da suka fito a 2020 da yawansu sun fuskanci shari'a ƙarƙashin dokar cin mutuncin sarauta, mai hukuncin da ya kai shekara 15. Jam'iyyar da ta fi kowa kujeru a zaɓen 2023 an hana ta kafa gwamnati, a 2024 kotu ta rushe ta.

Darasin biyu ne. Idan aka riƙa soke abin da jama'a suka zaɓa, ba su da wurin zuwa sai titi. Kuma masu zanga-zangar da suka share wa soja hanya don su kayar da abokin hamayya, su ma sun rasa 'yancin fita washegari. Mu a Gana mun ɗanɗana juyin mulki a 1966 da 1972 da 1979 da 1981. Mun kuma sauya gwamnati da ƙuri'a a 2000 da 2008 da 2016 da 2024. Harajin tura kuɗi ta waya da aka yi ta kuka da shi tun 2022, bayan zaɓe aka soke shi a 2025. Wannan gado ne da bai kamata mu yi wasa da shi ba, musamman ganin halin da Burkina Faso da Mali da Nijar suka shiga.

Shawarwari

Na farko, ga hukuma: a daina turo sojoji wurin taron farar hula. Aikin 'yan sanda ne, kuma ba da harsashi mai rai ba. Duk jami'in da ya kashe mai zanga-zanga a gurfanar da shi a fili, a kuma aiwatar da rahotannin kwamitocin bincike.

Na biyu, ga matasa: kafin fita a rubuta buƙata a taƙaice, a san ofishin da za a kai ta, a sanar da 'yan sanda kwana biyar kamar yadda doka ta ce, a naɗa masu tsare sahu da kowa ya san fuskarsu, a tsayar da hanya da lokacin tashi. Kada a bar ƙananan yara su shiga. Kada a karɓi ko sisin ɗan siyasa. Shagon da ke Aboabo na ɗan'uwanka ne, ba na gwamnati ba.

Na uku, ga sarakuna da malamai: faɗin "ku yi haƙuri" kaɗai ya daina isa. Fadar Dakpema da ta Gulkpe-Na da ta Sarkin Zango, da limaman Juma'a, da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, su karɓi koken matasa su kai shi gaban Ministan Yanki da majalisar birni, su dawo da amsa. Matashin da ya ga babbansa ya tsaya masa, zai saurare shi ranar da ya ce a koma gida.

Na huɗu, ga jam'iyyu: NDC da NPP duk sun yi zanga-zanga suna adawa, duk sun ji zafinta suna mulki. Su kare haƙƙin nan ko da a kansu ake amfani da shi, su kuma sallami 'yan bangarsu da gaske.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna zanga-zanga ta yi nasara a inda buƙata ta fito fili, jagora ya kasance sananne, kuma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ta zama asara a inda aka yi harbi, ko aka yi haya, ko aka gayyato soja. Ina kira ga matasan Tamale da ku san haƙƙinku, ku neme shi da tsari, ku yanki katin zaɓe, kuma kada ku sayar da fushinku ga kowa. Ina roƙon iyayenmu da shugabanninmu ku saurari yaran nan tun suna magana a zaure. Allah Ya zaunar da Dagbon lafiya, Ya zaunar da Gana lafiya.