Zancen Jirginmu: A Bar Shi Cikin Tabki Ko A Fid Da Shi?

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon matuƙin jirgi, ya yi a taron ’yan Kiyeshe na gida da na ci-rani, kafin faɗuwar damina.

Shugaba, iyayenmu dattawa, ’yan uwa da kunka zo daga Yamai da Kwatano da Ikko da Abijan, ina gaishe ku, ina muku barka da hanya.

An ce in yi magana bisa jirgin da munka haɗa kuɗi munka saya, don ƙetare da manoma da ’yan lakkol in ruwa ya yanke hanya cikin dallol. Ba don na fi kowa sani ba ne. Na dai yi shekaru ina tuƙi a Gaya da Yawuri, na kuma ga jirgi irin wanga ya mutu a hannunmu.

Wani babanmu ya ce jiya, jirgi ruwa ne abincinsa, a sa shi tun ruwan fari, kada a taɓa shi sai tabki ya ƙafe. Baba, gaskiyarka, in jirgin itace ne. Sarkawa da Kabawan Argungu haka suke yi. Katako in ya sha ruwa sai ya kumbura, ya toshe kafofinsa da kansa, in ya bushe kuwa sai ya tsage. Har nutsad da kwale-kwale suke yi da gangan in ba su aiki da shi. To amma namu ba itace ba ne. Faiba ne, watau zaren gilashi da anka saƙa kamar tabarma, anka jiƙa shi da wani danƙo, ya daskare. Bisa wannan sai anka shafa wata fata mai santsi, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Gara ba ta cinsa, ba ya ruɓa, ba ya tsatsa. Shi ya sa mai sayarwa kan ce ba ya mutuwa. Yana mutuwa, sai dai ba irin mutuwar da munka sani ba.

Fatar nan ruwa na ratsa ta sannu-sannu, ido ba ya gani. In ya shiga ya tarad da ɗan rami inda danƙo bai cika ba, sai ya zauna, ya yi tsami, ya riƙa jawo wani ruwa, har wurin ya yi bororo kamar hannun da ya sha noma. In ka fasa shi za ka ji wari mai tsami, kuma ka kiyaye idonka. Abin mamaki, ruwan daɗi mai ɗumi ya fi na teku saurin yin wagga ɓarna, kuma irinsa ke gare mu. Ga marmara, ga tsakuwar da koramu ke kawowa daga tudu. Duk inda dutse ya karce shi, ƙofa ta samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba na cewa a riƙa fid da shi kullum da marece. Wa zai yi? Daga Yuli zuwa Oktoba, wata huɗu, yana iya zama cikin ruwa. Amma da sharaɗi, kuma ruwan da ke ƙarƙashinsa ba shi ne babban abin tsorona ba. Na sama ne.

Ku yi lissafi tare da ni. Jirginmu tsawonsa mita 6, faɗinsa mita ɗaya da rabi, in an cire siririn baki da gindi, hilin da ke buɗe ya kai murabba’in mita 7. Ruwan sama milimita 1 bisa murabba’in mita 1, lita guda ne. Ruwan dare guda na malka, wanda mai awo zai ce milimita 50, ya zuba mana lita 350 ke nan cikin jirgi. Kusan tano biyu. Nauyin ƙarti biyar ne zaune ciki, ba wanda ya gan su. In ba a kwarfe ba, aka sake wani ruwa jibi, sai bakin jirgi ya yi daidai da tabki, igiyar ruwa guda ta ƙarasa shi. Sabili da haka, duk safiyar da anka kwana da ruwa, kafin a tafi gona, a kwarfe. A yanke bido a ɗaure shi ciki da igiya, don ƙwarya yara za su ɗauke.

Sai ɗauri. Ga abin da ya same mu a Yawuri. Maigidana na da jirgin faiba, wani yaro ya ɗaure shi tsam ga turke, igiya ba ta kai kamu uku ba, wai don kada ɓarayi su ja. Cikin dare ruwa ya taso. Jirgi na son ya bi ruwa sama, turke ya riƙe masa hanci ƙasa. Da asuba sai gindinsa munka gani, inji kuwa ya sha laka, bai ƙara tashi ba. Ku kuwa kun san tabkinmu ya fi kogi saurin fushi: a yi ruwa can bisa tudu inda ba mu ji ko ɗigo ba, kafin gari ya waye ya haura gwiwa. A ba igiya saki. A ɗaure shi biyu, gaba da baya, hancinsa na duban gabas, tun da hadarinmu daga gabas yake zuwa da iskarsa. In ya ba iska haƙarƙari, za ta yi ta buga shi ga gaɓa har safe. A rataya tsofaffin tayoyi a gefensa. A kuma nisanta shi da mashayar shanu, don sa guda in ya jingina ya sosa jikinsa, aikin wata uku ya samu.

Kowane kwana goma sha biyar, samari shida su jawo shi bisa rairayi, su kifa shi, a wanke gansakuka da tsumma da omo. Kada a kankare da wuƙa ko fartanya, kankara ita ce ke buɗe fatar. A shafa hannu a ji ko da bororo. A cire dodon koɗin da ya manne, kuma wanda ke wagga hidima kada ya daɗe tsaye cikin ruwa, don ƙananan dodon koɗi na tabki su ke ɗauke da tsargiya, kun ga yaranmu da fitsarin jini. Wani abu guda: ƙarƙashin daɓen jirgin akwai soso mai hana shi nitsewa. In ranar nan mutum shida sunka ɗaga shi da sauƙi, wata rana sunka kasa, to ruwa ya shiga tsakani, sai a buɗe toshiyar baya a tsiyaye.

Da kaka ta yi, ruwa ya fara ja, zamansa ya ƙare, ko da masu kamun tarwaɗa sun yi roƙo. In tabki ya janye ya bar shi bisa laka, laka ta kama gindinsa, masu ja sai su tsage shi. In an bar shi a rana kuwa, daga Maris zuwa Mayu, fatar ta koma gari kamar alli. A kai shi ƙarƙashin rumfa, a kife bisa tayoyi, a rufe da zana. Zana ta fi tamfol, don tana barin iska ta shiga ya bushe.

Ban so in zauna ban taɓo lodi ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar Watari ta Bagwai, jihar Kano, jirgi ya kife da mutane sabili da yawan lodi, aƙalla 29 sunka rasu, galibinsu yara almajiran Islamiyya. Allah ya jiƙan su. Mu ’yan Arewa ’yan tudu ne, kaɗan cikinmu sunka iya ruwa. A zana layi da fenti a jikin jirginmu, in ruwa ya taɓa shi, ko sarki ne ya jira sawu na biyu.

To, ’yan uwa na ci-rani, ga roƙona gare ku. Kun ba da kuɗin saye, Allah ya saka. Amma duk abin da na lissafa aikin mutum guda ne mai suna, wanda in jirgi ya cika da ruwa za a ce, wane, ina kake? In an ce aikin kowa ne, ranar da anka kwana da ruwa kowa gonarsa zai nufa, ni ma haka. A zaɓi mutum wanda gidansa ke kusa da tabki, a yanka masa wani abu daga asusu kowane wata, na wata huɗu. A kuma aje kuɗin sabuwar igiya kowace shekara, don rana na cin igiyar leda, da danƙon faci da zarensa, wanda na Kwatano ko Ikko za su iya riƙo mana, ya fi sauƙin samu a can.

Shugaba, ina so a fid da sunan mutumin nan yau, magatakarda ya rubuta, tun ’yan ci-rani ba su hau mota ba.